Me ya sa binciken masanan Ingila na ƙarni na 18 ya zo a sigar wasiƙa?

Ɗan'uwa, ka ce a karatunka na tarihin kimiyya ka lura cewa rubuce-rubucen ilimi da yawa na ƙasar Ingila a ƙarni na 18 suna farawa da gaisuwa, suna ƙarewa da sa hannu, kuma waɗanda suka rubuta su galibi limaman coci ne na ƙauyuka da masu filaye waɗanda ba su riƙe da wata kujerar koyarwa. Kana son sanin dalilin haka, kana kuma tambaya ko ya dace a ɗauki irin wannan rubutu a matsayin bincike na gaske, ko kuwa hira ce kawai ta masu hali da ba su da abin yi. Amsata a taƙaice ita ce bincike ne, kuma wasu daga cikin muhimman abubuwan da aka gano a wannan ƙarni ta wannan hanya suka fito. Amma wasiƙar ta ginu ne a kan amana tsakanin mutanen da suka ɗauki juna a matsayin tsara, kuma daga wannan amana ne ƙarfinta da rauninta duka suka samo asali. Bari in ɗauki al'amarin daga tushe.

Da farko sai a san su wane ne waɗannan mutane. A Ingila ta wancan lokaci jami'o'i biyu ne kacal, Oxford da Cambridge, kuma babban aikinsu shi ne yaye limamai ga Cocin Ingila. Malamin kwaleji a waɗannan jami'o'i ba ya aure muddin yana riƙe da matsayinsa, saboda haka idan ya so yin iyali sai ya jira a ba shi limancin wata gunduma, ya kwashe littattafansa ya koma ƙauye. Gundumomin coci a Ingila da Wales sun kai kimanin dubu goma, wato ke nan ƙauyuka da yawa suna da aƙalla mutum guda wanda ya iya Latin, ya taɓa lissafi, yana riƙe da rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma zai zauna a wuri ɗaya shekara talatin ko arba'in. Abincinsa yana fitowa daga ushirin amfanin gona da gonar da aka keɓe wa limami, kuma aikin ibada bai cinye masa mako duka ba. Ba dukansu ne ke cikin wadata ba, domin na'ibin limami yakan rayu a kan fam talatin zuwa hamsin a shekara, amma wanda ya sami gunduma mai kyau yana da lokaci da kwanciyar hankali. Ɗaya ɓangaren kuma su ne masu filaye, mutanen da ke cin kuɗin hayar gonakinsu ba tare da aikin hannu ba, waɗanda ke da ɗakin karatu a gida, suke zuwa Landan a wani yanki na shekara, kuma sau da yawa su ne ke da ikon naɗa limamin gundumarsu. To ka ga dangantakar ɓangarorin biyu ba ta daidaito ba ce tsantsa: limami yana da ilimi da zaman wuri ɗaya, mai fili yana da kuɗi da sanayya da hanyar shiga majalisun masana.

Akwai kuma dalili na aƙida da ya sa limami bai ga nazarin tsuntsu ko dutse a matsayin ɓata lokaci ba. Tun daga littafin John Ray na 1691 a kan hikimar Ubangiji a cikin halittunsa, da na William Derham, limamin Upminster, wanda ya fito a 1713, ra'ayin da ya yi ƙarfi shi ne cewa duba tsarin halitta hanya ce ta sanin Mahalicci. Da wannan fahimta ce Stephen Hales, wanda ya yi limancin Teddington sama da shekara hamsin, ya auna yadda ruwa ke hawa a jikin tsiro, ya buga sakamakon a 1727, sannan ya zama na farko da ya auna hawan jini, a jikin doki, ya buga a 1733. A wurinsa wannan aiki da huɗubar ranar Lahadi ba su saɓa wa juna ba.

Mutumin da ke zaune a ƙauye mai nisan kwana biyu ko uku daga Landan ba shi da wata hanyar shiga zancen masana sai takarda. Kuma ita kanta takardar tana da tsada, abin da ya shafi yadda ake rubuta ta. A wancan zamani wanda aka aika wa wasiƙa ne ke biyan kuɗinta, ba wanda ya aika ba, domin kan sarki bai zo ba sai 1840. Ana lissafin kuɗin ne da nisan tafiya da kuma yawan fallen takarda. Dokar gidan waya ta 1711 ta sa taro, wato kwabo uku, ga falle ɗaya a tafiyar da ba ta wuce mil 80 daga Landan ba, kwabo huɗu kuma ga abin da ya wuce haka, kuma idan aka naɗe wasiƙar a cikin wata takarda sai a lissafa ta falle biyu. Shi ya sa ba a amfani da ambulan: ana ninke fallen ne, a rubuta adireshi a bayansa, a liƙe da kaki a danna hatimi. Tun da abokinka ne zai zaro kuɗi daga aljihunsa, kunya ce ka aika masa da gaisuwa zalla, dole wasiƙar ta ɗauko abin da ya cancanci kuɗinta, ko sabon labari, ko ma'auni, ko amsar tambayar da ya yi maka. A ganina wannan ƙaramin tsari na biyan kuɗi yana cikin abubuwan da suka sa wasiƙun zamanin suka cika da ma'ana. Hanyar kauce wa kuɗin ita ce a sami ɗan majalisar dokoki ya sa hannu a bayan takardar, domin wasiƙun 'yan majalisa kyauta ake kai su, kuma an yi ta cin zarafin wannan dama har dokar 1764 ta wajabta cewa ɗan majalisar ne zai rubuta adireshin gaba ɗaya da hannunsa. A nan ma ka ga amfanin mai fili ga limami, domin shi ne ya san 'yan majalisa. Saurin wasiƙa bai ƙaru sosai ba sai 1784, lokacin da John Palmer ya fara kai saƙo a keken doki na musamman daga Bristol zuwa Landan cikin awa 16.

Yanzu ga abin da ya fi kusa da tambayarka, wato yadda wasiƙa take zama takardar bincike. Babbar majalisar masana ta Landan, Royal Society, an kafa ta a 1660, kuma mujallarta mai suna Philosophical Transactions, wadda ta fara fita a 1665, ta taso ne daga wasiƙun da sakatarenta Henry Oldenburg ke karɓa daga sassan Turai. Al'adar ta ɗore har cikin ƙarni na 18: wanda ba ɗan majalisar ba ne ba ya miƙa takardarsa kai tsaye, sai ya rubuta wa wani ɗan majalisa, shi kuma ya gabatar da ita a karanta a zaman mako, daga nan kwamitin da aka kafa a 1752 ya yanke ko za a buga. Da yake wasiƙa aka karanta, wasiƙa ake bugawa, da gaisuwarta da kwanan watanta. Sunan wanda aka aika wa ba ado ba ne, shaida ce cewa wani sananne ya tsaya wa marubucin.

Shekarar 1763 kaɗai ta ba mu misalai biyu. A watan Afrilu, wani limami mai suna Edward Stone da ke Chipping Norton ya rubuta wa shugaban majalisar, Earl na Macclesfield, cewa ya ɗanɗana ɓawon itacen wilo, wanda ke tsirowa a bakin ruwa, ya ji ɗacinsa ya yi kama da na ɓawon sinkona da ake kawowa daga Kudancin Amurka don maganin zazzaɓi. Ya shanya ɓawon, ya daka shi, ya ba kimanin mutum 50 cikin shekara biyar, kuma ya ga yana saukar da zazzaɓi. Hujjar da ta kai shi ga gwajin ba za ta karɓu a yau ba, domin ya zaci cewa maganin cuta yakan tsiro kusa da inda cutar take, wilo kuma a fadama yake inda zazzaɓi ya fi yawa. Amma abin da ya gani gaskiya ne, kuma sinadarin da ke cikin ɓawon shi ne aka bi sawunsa har aka haɗa asfirin a 1897. A watan Nuwamba na shekarar kuma, Richard Price, limamin wata ƙaramar coci a Newington Green, ya aika wa John Canton, ɗan majalisar Royal Society, wata takarda da ya tsinta a cikin kayan abokinsa marigayi Thomas Bayes, limamin Tunbridge Wells wanda ya rasu a 1761. An karanta ta ranar 23 ga Disamba. Takardar tana magana ne a kan yadda mutum zai gyara ƙiyasinsa na yiwuwar abu idan sabuwar shaida ta zo masa, kuma ita ce tushen ƙa'idar Bayes da likitoci da masu kwamfuta ke aiki da ita a yau. Da Price bai ɗauki amanar takardun abokinsa da muhimmanci ba, da ta ruɓe a akwati. Ka lura kuma cewa Bayes da Price ba 'yan Cocin Ingila ba ne, suna cikin waɗanda aka toshe wa hanyar samun digiri a Oxford da Cambridge, amma ƙofar wasiƙa a buɗe take gare su.

Shekara ashirin bayan haka, John Michell, limamin Thornhill a Yorkshire, ya rubuta wa Henry Cavendish, wanda ɗan babban gida ne mai tarin dukiya, doguwar wasiƙa da aka karanta a Nuwamba 1783. A cikinta ya lissafa cewa tauraron da nauyin jikinsa, mudu da mudu, ya yi daidai da na rana amma faɗinsa ya ninka nata sau 500 zai janyo haskensa ya dawo da shi, don haka ba za a gan shi ba, sai dai a gane yana nan daga yadda wasu taurari ke kewaya shi. Wannan shi ne tunani na farko a rubuce a kan abin da yanzu ake kira baƙin rami. Michell ne kuma ya ƙera na'urar auna nauyin duniya, ya rasu a 1793 bai gama aikin ba, na'urar ta isa hannun Cavendish, wanda ya buga a 1798 cewa nauyin duniya, idan aka gwada mudu da mudu, ya ninka na ruwa sau 5.48, kuma ya ambaci sunan abokinsa a farkon takardar.

Amma idan kana son ganin wannan al'ada da dukan sassanta a wuri guda, sai ka tsaya a kan Gilbert White. An haife shi a ƙauyen Selborne na Hampshire a 1720, ya yi karatu a kwalejin Oriel ta Oxford, ya koma gidan danginsa, ya yi aikin na'ibin limami a ƙauyensa da maƙwabtansa har ya rasu a 1793. Bai taɓa zama cikakken limamin Selborne ba, domin ikon naɗin yana hannun wata kwaleji ce dabam, Magdalen, kuma ya gwammace ƙaramin matsayi a kan barin wurin da ya sani. Daga 1751 yana rubuta abin da ya shuka da ranar da ya tsiro. A 1767 ya fara musayar wasiƙu da Thomas Pennant, mai filaye daga Wales wanda ke rubuta babban littafi a kan dabbobin Birtaniya, a 1769 kuma da Daines Barrington, lauya kuma alƙali, ɗan babban gida, jigo a Royal Society. Kowannensu yana da abin da yake nema a wurin ɗan'uwansa. Pennant yana buƙatar idon da ke zaune a kudancin Ingila don ya cike littafinsa. Barrington yana da ra'ayoyi da yake neman wanda zai gwada masa, shi ne ma ya tsara wani littafin rajista mai layuka na rubuta iska da ruwan sama da ranar zuwan tsuntsaye, wanda White ya riƙa cikewa daga 1768 har ƙarshen rayuwarsa. Shi kuma White yana buƙatar wanda zai yi masa tambaya, domin ya koka a rubuce cewa bai taɓa samun maƙwabcin da ke sha'awar irin wannan nazari ba.

Abin da ya fito daga wannan zumunci na alƙalami ba kaɗan ba ne. Masanan zamanin suna sanin tsuntsu ne daga gawarsa a kan tebur, shi kuwa White a wurinsa gani ya kori ji, kuma ganin ma na mai rai ne a cikin daji. Da haka ya gane cewa wani ƙaramin tsuntsu mai launin ganye da ake ɗauka iri ɗaya ne ashe iri uku ne, kuma ya rarrabe su da kukansu kafin ya tabbatar da bambancin jikinsu. Ya bayyana wani ɓeran gona ƙanƙane da ba a taɓa rubutawa a Ingila ba, ya ce ya ɗora guda biyu a ma'auni suka yi daidai da nauyin sisin kwabo na tagulla, wato rabin kwabo, kuma ya sami sheƙarsa a saƙe a jikin tsiro da 'ya'ya takwas a ciki. Ya bayyana wani babban jemage mai tashi can sama. A wata wasiƙa ta 1777 ya ce tana, wadda manoma ke ƙi, ita ce ke huda ƙasa ta sassauta ta don ruwa da saiwa su shiga, kuma ƙasar da ba ta da tana za ta taurare ta daina haihuwa. Sai bayan shekara ɗari da 'yan kai Charles Darwin ya rubuta cikakken littafi a kan wannan batu. A bazarar 1783 ya rubuta labarin wani hazo mai kama da hayaƙi da ya rufe sararin sama har rana ta koma ja, kuma masana yanayi na yau suna amfani da bayaninsa wajen bin sawun aman wutar dutsen Laki na ƙasar Aisilan. Barrington ne ya kai wasiƙunsa huɗu a kan dangin tsattsewa gaban Royal Society, aka buga su a 1774 da 1775, alhali shi White bai taɓa zama ɗan majalisar ba.

Batun tsattsewar yana nuna iyakar hanyar. Ga Bahaushe da ya san cewa shamuwa tana zuwa gab da damina ta tafi bayanta, ƙaurar tsuntsu ba abin gardama ba ce, amma masanan Turai na wancan ƙarni sun rabu a kan inda tsattsewa ke shiga idan sanyi ya zo. Carl Linnaeus na Suwidin, babban mai tsara sunayen halittu, ya yarda cewa tana kwana a ƙarƙashin ruwa. Barrington ya ƙi yarda da ƙaura. White yana da shaida mai ƙarfi a hannu, domin ƙanensa John limamin sojoji ne a Jibraltar, kuma yana rubuto masa cewa yana ganin tsuntsaye suna tsallaka mashigin teku zuwa Afirka su dawo. Duk da haka White bai yanke hukunci ba. Yakan ga 'yan tsattsewa a ƙarshen kaka a rana mai ɗumi, sai ya yi zaton wasu suna ɓuya kusa, har a 1781 ya sa ma'aikata suka bincika kurmin da ke gefen tudun ƙauyen, ba su sami komai ba. Ina ganin abu biyu ne suka riƙe shi. Na farko gaskiyarsa ce, domin ba ya tabbatar da abin da bai gani ba. Na biyu kuma ladabin wasiƙa ne, domin da wuya na'ibin limami ya fito ƙarara ya ce wa alƙali ɗan babban gida, wanda kuma shi ne ƙofarsa ta zuwa Landan, ra'ayinka kuskure ne. Gardamar ba ta mutu sarai ba sai da aka fara sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa: wata tsattsewa da aka sa wa zobe a Staffordshire a 1911 an same ta a Natal ta Afirka ta Kudu a Disamba 1912.

Raunin da ya fi wannan girma shi ne cewa tsarin ba shi da wata kariya daga maƙaryaci mai ladabi. William Stukeley likita ne da ya koma limami, mai nazarin kayan tarihi, wanda awonsa na duwatsun Stonehenge har yau yana da amfani. A 1747 wani matashi ɗan Ingila da ke zaune a Kopenhagen, Charles Bertram, ya fara rubuto masa wasiƙu masu cike da girmamawa, sannu a hankali ya sanar da shi cewa ya ga wani tsohon kundi na wani malamin zuhudu da ke bayanin Birtaniya a zamanin Rumawa, har da taswira da sunayen hanyoyi da garuruwa. Stukeley bai taɓa ganin kundin da idonsa ba, kwafi kawai aka aiko masa da kwaikwayon 'yan layuka na rubutun hannu, amma ya gaskata, ya jingina aikin ga wani malami na ƙarni na 14 mai suna Richard na Cirencester, aka buga shi a 1757. Ashe Bertram ne ya ƙirƙiro shi daga farko har ƙarshe. Masu tarihi da masu zanen taswira sun yi kusan shekara ɗari suna dogaro da shi kafin a fallasa shi a tsakiyar ƙarni na 19, kuma sunan Pennines da ake kiran jerin tsaunukan arewacin Ingila da shi daga wannan ƙirƙira ya yaɗu. Abin da ya sa ƙaryar ta daɗe shi ne mutuncin Stukeley da ya lulluɓe ta, domin a wannan da'ira neman ganin asali kamar tuhumar mutumin kirki ne.

Ka kuma tambayi kanka sunan wa ya ɓace. A 1797 John Frere, mai filaye a Suffolk, ya rubuta wa John Brand, limami kuma sakataren ƙungiyar masu nazarin kayan tarihi ta Landan, a kan wasu duwatsu da aka sassaƙa kamar gatari, irin waɗanda mu kan kira gatarin aradu, da aka tono a Hoxne a zurfin kimanin ƙafa 12, a ƙarƙashin ƙasar da ba a taɓa motsawa ba, tare da ƙasusuwan manyan dabbobi. Ya ce mutane ne da ba su san ƙarfe ba suka yi su, a wani zamani mai nisan gaske. An buga wasiƙar a 1800, aka yi watsi da ita kusan shekara sittin kafin a gane cewa ya yi daidai. Amma masu aikin bulo da suka tono duwatsun, waɗanda suka gaya masa a wane zurfi suke, ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Haka masu lambu da mafarauta da matan gida da suka tara tsirrai suka kwafe takardu. Wannan abu yana damuna a duk lokacin da na karanta waɗannan wasiƙu, domin ilimin da ake jingina wa mutum ɗaya sau da yawa hannu da yawa ne suka ɗauke shi.

Akwai wuri guda da wannan da'ira ta taɓa yankinmu na Afirka ta Yamma kai tsaye. Ayuba Sulaiman Diallo Bafulatani ne ɗan malami daga Bundu, a gabashin Sanagal ta yau. Ya je bakin kogin Gambiya don cinikin da ya haɗa da sayar da bayi, shi ma aka kama shi aka sayar, ya tsinci kansa a gonar taba a Maryland ta Amurka. Daga can ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci. Wasiƙar ta biyo ta Landan, ta faɗa hannun James Oglethorpe, wanda ya sa aka fassara ta a Oxford, kuma abin da ya karanta ya sa aka nemi fansarsa. Ya isa Ingila a 1733, ya taimaka wa Hans Sloane, shugaban Royal Society na lokacin, wajen karanta rubutun Larabci da ke cikin tarin kayansa, ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma a 1734 ƙungiyar masana ta garin Spalding, wadda Maurice Johnson ya kafa a 1710 kuma ta dogara ƙwarai a kan wasiƙun 'ya'yanta na nesa, ta karɓe shi a matsayin ɗanta kafin ya koma gida a shekarar. Alƙalami ne ya sa suka gane shi a matsayin tsaransu. Wannan ganewa ba ta kai ga dubban da aka bari a gonakin ba, kuma wani ɓangare na dukiyar Sloane kansa daga gonakin rake na Jamaika da bayi ke nomawa ya fito.

Zuwa ƙarshen ƙarnin, wasiƙar ta fara canza kama. Mujallar Gentleman's Magazine, wadda Edward Cave ya kafa a 1731, ta riga ta mai da wasiƙun limamai da masu filaye abin karatun jama'a a kowane wata. Sannan a 1790 Sir John Sinclair ya aika da tambayoyi 160 ga limaman gundumomi 938 na Sikotlan, a kan yawan jama'a da noma da farashi da cututtuka, ya yi ta bin masu jinkiri da takardun tuni, har ya tara amsoshin a juzu'i 21 tsakanin 1791 da 1799. Hanyar ita ce dai ta da, wato masani a tsakiya da idanu a ƙauyuka, amma zumuncin ya ragu, tsari ya ƙaru, kuma daga nan zuwa ƙidayar hukuma ta farko a Birtaniya a 1801 taki ɗaya ne.

Tun da nazari kake yi, ga abin da ya kamata ka kiyaye wajen amfani da waɗannan rubuce-rubuce. Wasiƙar da aka buga ba lallai ita ce wadda aka aika ba. Littafin White, The Natural History and Antiquities of Selborne, wanda ƙanensa Benjamin mai sayar da littattafai a Landan ya buga da shekarar 1789 a bangonsa, yana ɗauke da wasiƙu 44 zuwa ga Pennant da 66 zuwa ga Barrington a sashensa na nazarin halittu. Tara na farko cikin na Pennant ba a taɓa kai su gidan waya ba. White ya rubuta su ne daga baya don su zama gabatarwa a kan ƙauyen da ƙasarsa da itatuwansa. Sauran ma ya karɓo su, ya yanke zancen gida da na cinikin littattafai, ya raba wasu, ya haɗe wasu, ya gyara kwanan wata a wasu wurare. Saboda haka idan hujjarka ta rataya a kan ranar da ya fara ganin wani abu, ko a kan ainihin kalmomin da ya faɗa wa Pennant, kada ka tsaya a kan littafin, ka gwada shi da rajistarsa ta kullum da kuma wasiƙun asali na hannunsa, waɗanda ke ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan.